Na Riƙa Riga Ɗana Zuwa Inda Yake Neman Aiki

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Faɗa nake yi ana rubuta mini. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar ni a Wudil da sana'ar daddawa da ɗa guda ɗaya, wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana ɗan shekara biyar, muna ƙauyenmu can wajen Utai. Har yau in na tuna malam sai na yi kuka, ba na ɓoyewa, domin shi ne ya dage cewa ɗansa ba zai yi bara ba. Ya kai shi makarantar makafi a Kano, ya koyi rubutun nan nasu da ake shafawa da yatsa, har ya samu takardar malanta. Malam bai ga ranar da zai fara aiki ba.

Yaron ya shiga neman koyarwa a makarantun kuɗi na cikin gari. Ba ya ɓoye mini komai. In ya kai takardunsa wani wuri aka sa masa ranar ganawa, sai ya gaya mini. Mu kuwa a ƙauye abin da muka taso da shi shi ne, ba a tura yaro wajen babba sai wani babba ya riga shi kai gaisuwa. Ubansa ne ya kamata ya yi, ga shi ba ya nan. Saboda haka ana gobe zai je sai in ƙulla daddawa mai kyau a leda, in yafa mayafi, in ce masa na tafi kasuwa. In na isa sai in nemi mai makarantar, in durƙusa, in gaishe shi, in ce ni ce uwar makahon nan. Daga nan kuka yake ƙwace mini. In ce maraya ne, ba shi da kowa, ko fita ba ya yi hankalina ya kwanta, a taimake shi saboda Allah da Annabi. Su kan tausaya mini, su ce in tashi, wani ma ya damƙa mini na mota. Ni kuma in dawo gida ina jin na gyara masa hanya.

Washegari in ya je, ba a tambayarsa komai game da karatu. Sai dai a ba shi kujera, a yi ta yi masa sannu kamar an je dubiya, a ce za a neme shi. Ba wanda ya taɓa nemansa. Wuri huɗu aka yi haka. Ya fara ramewa, ya daina zolayata da ya saba yi. Wata rana na ji yana gaya wa abokinsa cewa in damina ta wuce bai samu ba, zai tattara takardun ya haƙura da maganar koyarwa. Na ji kamar an sake yi mini mutuwa, amma ban gane hannuna yana ciki ba.

A wuri na biyar asirina ya tonu. Mai makarantar ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce ya gaishe da tsohuwa, daddawarta ta yi daɗi, sai dai ba zai iya damƙa yara talatin ga wanda uwarsa ta ce ko titi ba ya ƙetarawa shi kaɗai ba. Ɗana ya dawo, ya jingine sandarsa, ya ƙi taɓa tuwo. Bai ɗaga mini murya ba. Ya ce shi yana zuwa da takarda a matsayin malami, ashe kullum ina riga shi zuwa in gabatar da shi a matsayin mabaraci. Ya ce barar da babansa ya hana shi, ni ce nake yi masa ita a ɓoye. Na yi kuka har na ba shi tausayi, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma in yi masa alkawari ɗaya: in zauna a gida.

Da aka sake kiransa wata makaranta a hanyar Achika, na zauna. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin zaman nan ba. Ina jin ƙarar sandarsa har ta ɓace a lungu, sau biyu ina ɗaukar mayafi ina ajiyewa. Sai bayan azahar ya dawo. Ya ce shugabar ta tambaye shi yadda zai yi da allo da duba littattafan yara, shi kuma ya roƙi a ba shi aji ɗaya a gani. Kafin a tashi ya riƙe sunayen yaran da muryoyinsu, har ya kama wani yana raɗa a baya ya kira sunansa, ajin ya ɗauki dariya. Ta ce ya fara ranar Litinin. Na faɗi na yi sujada a tsakar gida, na tuna malam, na yi kuka mai daɗi. Ɗana ya ce in dai kukan a gida ne, in yi iya son raina.

Yanzu shekararsa ta biyu ke nan yana koyarwa. Ni kuma na gane tausayina ne ya kusa kashe masa aiki, ba makanta ba. Iyaye 'yan'uwana masu 'ya'ya irin nawa, ku yi musu addu'a, ku wanke musu riga, amma kada ku riga su shiga ofis da hawaye. Ku bar su su faɗi abin da suka iya da bakinsu. Wannan wasiƙar ma shi ne yake rubuta ta a kwamfutarsa mai magana. Da muka zo wajen daddawa ya ce mu cire, na ce a'a, malamin makaranta, rubuta yadda na faɗa.