Gawayin da Ya Ƙoshi

Har yau Mai Guga ake ce masa a unguwar, ko da yake rabon hannunsa da dutsen guga an yi shekara tara. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum tsaf, kuma ba ya jin wari ko kaɗan. Ba haka aka haife shi ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga kamfanin wanki na bakin titi, irin wanda ake wanke kwat da rigunan manya ba da ruwa ba, sai da wani farin sinadari da ma'aikata ke ce wa magani kawai. Maganin yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ke hawa kai, ya kama riga, ya bi mutum har gida. Shekara ashirin da biyu yana shaƙa, har hancin ya gaji ya ajiye aiki. Matarsa ce ke gaya masa in abinci ya lalace, ita ce ke gaya masa in wani abu yana ƙonewa.

Guga aka ɗauke shi yi, amma duk ranar Asabar akwai wani aikin da ba wanda ke so. Sai an buɗe gindin injin wanki an kwashe abin da ya kwanta a ciki: wani baƙin taɓo mai yauƙi, dattin wuyan rigunan mutane da maiƙon gashi da zare, duk sun jiƙe sharkaf da magani. Sauran ma'aikata in sun leƙa sai zuciyarsu ta tashi. Shi da ba ya jin komai sai aikin ya zama nasa. Ya cika bokiti, ya zaga bayan katanga, ya juye a wani rami kusa da garejin makanikai, inda su ma suke zubar da baƙin mai da ragowar fetur. Ya taɓa tambayar manaja ko hakan ba laifi. Manaja ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ƙasa ai ba abin da ba ta shanyewa.

Ta kuwa shanye. Kamfani ya rufe, mai shi ya kwashe injinansa ya yi gaba, ko sallama bai yi wa unguwa ba. Bayan 'yan shekaru mata suka fara cewa shayi yana wani irin ɗanɗano, ruwan rijiya in ya kwana sai ka ga wani abu yana sheƙi a samansa. Masu duba lafiya suka zo da kwalabe, suka ɗiba, suka koma, suka dawo da jan fenti suka bi rijiyoyin layi uku suna shafa wa murafansu. Daga ranar aka hana sha. Tankar ruwa ta riƙa zuwa safe da yamma, mutane suna layi da jarkoki a kan ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Daga baya aka turo wata injiniya, gajeriya mai takalmin roba, ta zo da taswira da injin haƙa. Kwana huɗu Mai Guga yana tsaye daga nesa yana kallonta tana huda ƙasa inda ba nan ba. A rana ta biyar ya kasa daurewa, ya je ya taka wani wuri da yanzu ciyawa ma ta ƙi fitowa, ya ce, "Ranki ya daɗe, nan za ki tona."

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Na taɓa gani ne."

Ta dube shi, ta dubi hannayensa da fatarsu ta bushe ta tsattsage, ba ta ƙara tambaya ba. Sati bai cika ba ta sa aka ɗauke shi aiki.

Ita ce ta yi masa bayanin abin da ke ƙasa, a tsugune, tana zane da tsinke. Ta ce abokan gaba biyu ne. Fetur ɗin gareji ba shi da nauyi, yana yawo a saman ruwan ƙasa. Shi kuwa maganin wanki akwai wani sinadari, kulorin, a jikinsa, ya fi ruwa nauyi, sai ya nutse can ƙasa ya kwanta, ba ya ruɓewa, yana sakin dafinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ta ce bokiti ɗaya ya isa ya ɓata ruwan unguwa guda. Mai Guga ya fara lissafa Asabar nawa ya yi yana juye bokiti a wannan rami.

Aka kwashe ƙasar ramin a motoci, aka kafa injin da ke jawo ruwan ƙasa ya tura shi cikin manyan tankuna biyu shuɗɗa. Cikin tankunan gawayi ne, amma ba na girki ba. Wani ne na musamman, ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, mai ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa ya shiga da dafi, ya fito fes. Aikin Mai Guga shi ne duba injin, da ɗiban ruwa a kwalabe don gwaji, da canza gawayin in lokacinsa ya yi.

"Ka riƙe wannan da kyau, Baba," in ji injiniya. "Gawayin nan ba kashe dafin yake yi ba, riƙe shi yake yi. In ya ƙoshi, ya fi ruwan ramin haɗari. Ka sa safar hannu da takunkumi, ka zuba shi a duro, ka rufe gam, mota ta kai shi inda ake ƙone shi da wutar da ta fi kowace wuta."

Ya riƙe. Shekara biyu yana wannan aikin kamar ibada. Abu ɗaya ya sa a ransa, kada ko ɗigo ɗaya na abin da ya zuba ya sake shiga bakin wani a unguwar nan, balle yanzu da autarsa, wadda ke aure a layi na uku, take da cikin fari.

Sai dai Mai Guga yana da baki in ya dawo gida. Da ya zauna cin abinci sai labarin gawayi. Yakan ce wa matarsa, "Ke, abin nan ikon Allah ne. Ki zuba masa ruwan da kare ba zai sha ba, ya ba ki wanda za ki ba jariri." Ita kuma tana ta jinjina kai, tana jin mijinta ya zama wani abu bayan tsufa. Rabin labarin mai daɗi kawai yake ba ta. Bai taɓa gaya mata gawayi yana ƙoshi ba, don in ya fara maganar inda dafin yake zuwa, tsoro yake kada ta tambaye shi inda ya fito. Shekara talatin suna tare, ba ta san da ramin Asabar ba.

A shekara ta uku aka ba injiniya wani wurin a nesa, ta koma zuwa sau ɗaya a wata biyu ko uku. Kwashe tsohon gawayi aka miƙa wa wani ɗan kwangila, ƙato mai farin takalmi wanda ba ya sauka daga mota in ƙasa da laima. Mutane suna cewa turarensa yana riga shi isowa, Mai Guga dai sai dai ya ji a bakinsu. Wata na farko duro ya zo. Wata na biyu babu.

"Yallaɓai, ina durorin?"

"Kai dattijo, ka cika tsirfa. Ba ga buhunan da sabon ya zo a ciki ba? Mayar da shi ciki, ka jera a bayan shinge, gobe mota za ta zo."

"Guba ce fa."

"To, ci za ka yi?"

Direbansa ya yi dariya, suka ja gilashi suka tafi. Mai Guga ya bi motar da kallo, ya ja tsaki. Irin muryar manaja ce sak, ba abin da ya canza sai takalmi. Ya kira injiniya, waya ba ta shiga ba. Ga gawayin tanki ya ƙoshi, in bai canza ba dafin zai wuce. Haka ya zuba gawayin da ya ƙoshi cikin buhunan sabo, masu tambari iri ɗaya da hoton ɗigon ruwa mai kyalli a jiki, ya jera su a bayan shinge kusa da ƙaramar ƙofa, ya ja tamfol ya rufe. Goben ɗan kwangila ba ta zo ba. Amma bayan 'yan makonni ya lura buhunan suna raguwa, ya ɗauka mota ce ke zuwa ranar hutunsa. Har cewa ya yi a ransa ashe mutumin da sauran imani.

Ta wannan ƙaramar ƙofa matarsa ke kawo masa abincin rana kullum.

Ranar da injiniya ta dawo, ta ga buhuna a waje, ranta ya ɓaci, ta yi ta faɗa a waya har muryarta ta dushe. Da ta gama, Mai Guga ya roƙe ta ta biya gidansa ta huta, don matarsa ta daɗe tana son ganinta. Suka je da rana tsaka. Matar ta shimfiɗa tabarma, ta yi ta murna, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Injiniya ta kai kofin baki, sai ta tsaya. Ta sake kai shi hanci. Ta ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Mama, ruwan tanka ne wannan?"

"Na tanka ne, 'yata, amma ba haka na bar shi ba," in ji matar, fuskarta fal da fara'a. "Zo ki gani. Shi ma Malam ban nuna masa ba, so nake ya gano da kansa."

A bayan ƙofar kicin, inda Mai Guga bai taɓa leƙawa ba, bokiti biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Na saman an huda gindinsa, a ciki kuma ga wata jaka ta farin yadi, an yi mata ɗinki mai kyau, cike da baƙin gawayi. Ruwa yana ɗiga tal, tal.

"Na ga kuna zubarwa a bayan shinge, abu mai daraja haka. Na ce wannan almubazzaranci ne. Sau uku nake wanke shi, in shanya a rana. Ruwan tankar nan wa ya san inda suke ɗebo shi?"

Sai a lokacin Mai Guga ya gane. Ruwan tanka mai tsabta, wanda aka gwada aka tabbatar, shi matarsa take bi da shi ta cikin abin da ya juye a rami da hannunsa. Dattin wuyan rigunan mutanen da wasunsu sun daɗe a kabari ya zaga ta ƙarƙashin ƙasa, ya hau tanki, ya shiga buhu, ya dawo masa cikin kofi. Wata uku yana sha yana hamdala. Ya fita tsakar gida da sauri, ya durƙusa bakin magudana, ya yi ta kakarin amai ba abin da ke fitowa.

"Malam, lafiya? Me na yi?"

Injiniya ta riƙe hannunta. "Mama, ke kaɗai kike amfani da shi?"

"Haba, ya zan ci alheri ni kaɗai? Na ɗinka wa maƙwabta, ko sisi ban karɓa ba. Gida goma sha huɗu."

"Ba kya jin warinsa?"

"Ina ji mana. Na ɗauka ƙarfin maganin ne." Ta juya wajen mijinta. "Kai ka ce ko jariri a ba shi. Ba ka taɓa ce mini yana da wani aibu ba."

Mai Guga ya miƙe daga bakin magudana. Ya koma wurin aiki ya ɗauko baro da safar hannu, matar tana gaba tana nuna ƙofofi tana share hawaye, injiniya tana baya tana rubuta mutanen kowane gida don a kai su gwajin asibiti. Gida-gida yake sallama, ya shiga kicin ɗin da bai taɓa shiga ba, ya ciro jaka tana zubar da baƙin ruwa, ya jefa a baro. Wata ta zage shi. Wata tsohuwa ta ƙi bayarwa, wai baƙin ciki ake mata, sai da injiniya ta lallashe ta. Yana ƙirgawa a ransa, goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha uku. Bai tambayi na ƙarshen ba, ya riga ya ga inda ƙafar matarsa ta nufa.

Auta tana zaune a inuwa, ƙafafunta a miƙe, cikin ya yi girma har tashi sai da dabara. Ga kofi a gefenta, rabi. Ta ga uban da baro, ta ga uwar ido jawur, ta ga baƙuwa da littafi.

"Baba, lafiya?"

"Ina bokitin da uwarki ta haɗa miki?"

"Ga shi can. Ai ni aka fara ɗinka wa."

Ya ciro jakar, ya ɗora a kan sauran. Ya ɗauki kofin ya juye a baro. Sannan ya tsaya a gabanta, safar hannunsa tana ɗiga.

"Ke da kike da hanci," ya ce, "ke da ko man girki ba kya son warinsa tun da kika samu cikin nan, ba ki ji komai ba?"

"Na ji tun ranar farko."

"To, me ya sa kika sha?"

Ta ɗora hannu a kan cikinta, ta dube shi, har yanzu ba ta gane abin da ya faru ba.

"Ƙamshin rigarka yake yi, Baba, lokacin da kake dawowa daga aiki ka ɗauke ni. Shi ya sa ban ji tsoro ba."