Aiken Zaren Goggo Yanzu-yanzu

Goggo Yanzu-yanzu ba ta san "bari sai gobe" ba. Ka kai mata wandon da ya yage, kafin ka gama gaisuwa ta fizge shi ta cusa a ƙarƙashin allura tana cewa yanzu-yanzu. Haka laƙabin ya bi ta har ya danne sunanta na gaskiya. Shagon ɗinkinta yana kallon ƙofar makarantar firamare, kuma abin da ke cikinsa keke biyu ne, da benci, da wani gwangwanin maɓallai wanda ya girmi wasu malaman makarantar.

Ita ke ɗinka kayan 'yan makaranta, ta nan kuma ta san yaran ajin ƙarshen baranda, ajin masu buƙata ta musamman. Wani ba ya jure ɗinkin wuyan riga ya goge masa fata, sai an juya shi waje. Wata yatsunta ba sa iya maɓalli, sai a sa mata roba. Goggo ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ƙaninta ma haka ya taso, ta kuma ga yadda mahaifiyarsu ta tsufa a tsakar gida ba ta leƙa ko'ina saboda shi. Har yau in ta tuna sai ranta ya sosu.

A bencinta iyayen yaran ke jiran a tashi. Cikinsu akwai Maman Auta, wadda mijinta direban babbar mota ne, ba a cika ganinsa a gari ba. Auta yaro ne mai tsabta da lura, amma ƙara da taron jama'a suna birkita shi, in ya tsorata kuwa sai gudu. Wata rana Maman Auta ta kawo yadi a ɗinka wa babbar 'yarta rigar ranar yaye ɗaliban sakandare. Goggo ta tambaye ta ina nata yadin. Ta ce ai ba za ta ba, zauren cike yake da lasifika, kuma babu wanda za ta bar wa Auta. Ta ƙara da cewa yarinyar ma ta ce ba komai, ta saba.

Wannan "ta saba" ita ta ƙona wa Goggo rai. Ko tef ɗin awo ba ta cire daga wuyanta ba ta tsallaka titi ta sami Malamar ajin. Ta zayyana mata shawara ba numfashi: a buɗe ajin ranar Asabar da safe, ita da Malama da iyaye biyu su zauna da yaran, sauran su tafi su sha iska, a riƙa yin karɓa-karɓa. Malama ta ce ta daɗe tana wannan mafarki, hannu ne babu. Shugaban makaranta ya ba da mabuɗi.

Asabar ta farko Goggo ta riga kowa zuwa, baki har kunne. Ta share ajin, ta shimfiɗa tabarmi, ta karɓi yara, ta kora iyayen waje tana tafa hannu kamar mai korar kaji daga shanya. Tana waiwayowa sai ga kawuna jere a taga. Wata ta ce ta dawo ne ta faɗa cewa nata ba ya shan ruwa a kofin roba. Wata ta tsinci tsumma ta hau goge gilashin da ba wanda ya sa ta. Wani uba ya zauna a kan babur ɗinsa a bakin ƙofa, waya a hannu, yana jiran a kira shi daga ajin da yake kallo. Maman Auta kuwa ko tagar ba ta tsaya ba, a bayan ƙyaure aka same ta.

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, daga baya dariyar ta koma tausayi. Yaran suna ta harkarsu lafiya lau. Ashe iyayen ne ke buƙatar aji, don an ba su hutu sun rasa yadda ake riƙe shi.

Sai ta ɓullo da aike. Ta tura Maman Auta kantin kan kwana ta sayo mata zare ruwan ƙasa. Matar ta je a guje ta dawo tana haki, ta tarar da Auta ya zazzage gwangwanin maɓallai yana ware su launi-launi, ko kai bai ɗaga ba. Mako na gaba aka aike ta cikin kasuwa. Na gaba da shi Goggo ta nemi wani launin da sai an kai ƙarshen gari ake samu. Aljihun teburinta ya cika da zaren da ba ta da abin yi da shi. Maman Auta ta gane wayon, sai dai duk dawowa tana ɗan ƙara jinkiri, Goggo kuwa murna kamar ta taka rawa. A ɓoye ta auna matar da ido ta ɗinka mata riga.

Ranar yaye ɗaliban ta faɗo a Asabar. Maman Auta ta iso cikin sabuwar rigar, iyaye suna ta tsokanarta wai yau ba a gane ta ba. Ta sa ƙafa a waje kenan wata tirela ta danna ham a bakin makaranta. Auta ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu. Uwar ta watsar da takalmi ta juyo tana cewa shi ke nan, ta fasa.

Goggo ta san in matar ta zauna yau, ta zauna ke nan. Malama ta ja labule ta rufe taga. Goggo ta zauna dirshan a gefen yaron ba tare da ta taɓa shi ba, kamar yadda uwarsa ta koya musu, ta fara zuba maɓallai ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Mace mai gaggawa irin tata, ranar ta san zafin jira. Can ihun ya koma shessheƙa, sai ga hannu ya miƙo ya ɗauki jan maɓalli.

"Ƙanwata, kin gani da idonki," in ji Goggo a hankali. "Zai iya sake yin kuka, kuma mun san abin yi, ke kika koya mana. Waccan yarinyar kuwa sau ɗaya za a kira sunanta. Sa takalminki."

Ta sa, ta tafi, tana waige har ta sha kwana.

Daga nan zama ya gagari Goggo. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake leƙawa, har Malama ta ce ita ma a aike ta zare. Rana ta take tsaka ta hango su tafe, uwa da 'ya, yarinyar sanye da doguwar rigar yaye da hula mai tuntu. Goggo ta fita da gudu ɗankwali a hannu.

Maman Auta ta haɗa labari goma a baki ɗaya. Ta samu kujera a gaba, ta miƙe tsaye da aka kira sunan, ta yi tafi har na bayanta suka ce ta zauna. Da yarinyar ta hango ta daga kan dandamali sai ta manta da karɓar takardar shaidarta, sai da shugabar makarantar ta taɓa ta.

Sai muryar uwar ta yi ƙasa. "Goggo, da za mu tsallaka titi na miƙa hannu gefe in kama na Auta, na manta ba ya nan. Sai na ji an riƙe."

Goggo ta dubi hannuwan nasu. Har suka shiga aji ɗaukar Auta, yarinyar ba ta saki ba.