Baƙin Zare a Cikin Tsarabar Kaka

Kakata ta wajen uwa tana da wata doka da kowa ya sani a gidanmu na Shagari: baƙo ba ya fita shi kaɗai. Ko wuta aka zo ɗiba, sai ta raka mutum bakin zaure. Mai tafiya mai nisa kuwa sai ta kai shi gindin dogonyaron da ke bakin titin Sakkwato, ta tsaya har motar ta ɓace. Da gwiwarta ta lalace, ba ciwon ne ya fi damunta ba, rakiyar da ta daina ce.

Ina sakandare a Bodinga, ina zaune a gidan ƙanen Kaka wanda kowa ke kira Malam, lokacin da 'ya'yanta suka shirya kai ta Indiya a yi mata aiki. Yayana yana karatu a can. Ana neman mace mai yi mata wanka wadda ke jin Turanci, ga hutu ya zo, sai aka ce ni.

"Wagga?" in ji Kaka. "Wadda in an gaishe ta sai ta duba ƙasa awa ta yar da allura? Ita za ta yi man magana da likita?"

Ni ɗin aka kai.

A asibitin, gadon da ke kusa da nata na wata tsohuwa ce 'yar ƙarama mai farin gashi. Ita ma gwiwa ce ta kawo ta. Tun ranar farko suka fara hira, Kaka da Hausa, ita da yarensu, kowace tana jira ɗayar ta gama kafin ta amsa. Kaka ta miƙa mata kilishi, tsohuwar ta haɗa tafin hannuwanta ta ƙi karɓa. Ta miƙa mata ƙuli-ƙuli, wannan kam ta karɓa, ta yini tana tsotsa. Da safen da za a shiga da Kaka ɗakin tiyata, na ga hannunta ya damƙe bakin bargo. Tsohuwar ma ta gani. Ta miƙo nata ta tsakanin gadajen ta riƙe shi, ba ta saki ba sai da aka tura gadon.

Tsohuwar tana da jika sa'ata mai saurin Turanci, wadda ke kaɗa kai ta wata hanya da har muka baro ƙasar ban gane ko e take nufi ko a'a ba. Bayan an sallame su, sun fara takawa da sanda, ita ce ta yi mini bayani. Ta ce garin nan mai tsarki ne a addininsu, mutane na zuwa daga nesa su zagaya wuraren bautar da ke bakin kogi. Amma akwai wani abin bautarsu da ke tsaron garin, duk mai ziyara sai ya fara zuwa wurinsa ya nemi izni, in ba haka ba ziyarar ba ta cika ba. Kakarta ta yi alkawari in ta sake takawa za ta je da ƙafarta. Gobe za su fara, in sun gama zagayen su wuce garinsu.

Na faɗa wa Kaka. Ta ce, "To, tahiya ta ke nan. Sai mu raka ta."

"Kaka, wurin bautarsu ne fa."

"Na jiya, ba kurma nike ba. Na ce miki bauta za ni? Rakiya nac ce."

Yayana yana da jarrabawa ranar. A waya ya ce, "Ku dai zauna cikin mota." Ni ma da haka na kwantar da hankalina.

Sai dai motar ba ta iya shiga unguwar. Lungun bai kai faɗin zaurenmu ba, ga mutane cike, ga shanu suna tafiya abinsu babu mai kora. Ɗan tsohuwar, wanda ke tuƙi, ya sauke mu ya tafi neman inda zai ajiye mota. Kaka ta samu benci a gaban wani mai sayar da furanni ta zauna, ta jingina sandarta. Jikar ta ɗauki faranti mai furanni da ɗan kwalbar mai a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta tallabi kakarta. Ɗaya gefen tsohuwar babu kowa. Ta taka, ta yi tangal-tangal.

"Kama mata," in ji Kaka.

"Har ina?"

"Har inda kinka ga ya kamata."

Na kama. Hannunta ba nauyi, kamar na yaro, amma ta danna nawa da ƙarfi. Muna tafiya ina neman wurin da zan ce nan ne iyaka. A Shagari kowa ya san dogonyaro, daga nan mai rakiya ke juyawa. A nan ban ga abin da ya yi kama da shi ba. Na ce a raina, kwanar can. Muka kai kwanar, ƙasa duk ruwa da santsi, ban iya saki ba. Na ce to, inda ake tuɓe takalma. Muka kai, jikar ta durƙusa tana cire wa kakarta, dole ni na riƙe ta gaba ɗaya. Wani mutum ya nuna ƙafata. Na cire silifas ɗina ina tambayar kaina ko cire takalmi ma yana cikin bautar, ko kuwa ladabi ne kawai irin na shiga ɗakin mutane. Ba wanda zan tambaya.

Ƙofar wurin bautar tana da dokin ƙofa mai tsawo na dutse. Tsohuwar ta ɗaga sabuwar gwiwar, ta kasa. Ta sake, ta kasa. Mutane na turowa daga baya. Sai na tsallaka, na juyo, na ɗago ta. Da na ɗaga kai, ina ciki.

Na rasa addu'ar da zan yi. Ta shiga masallaci ba ta dace ba, ta shiga kasuwa ma ban tabbata ba. Na yi ta maimaita kalmar shahada a zuci, na gyara hijabina, na tsaya jikin wani ginshiƙi mai maiƙo. Kowa ya shigo sai ya kaɗa wata ƙararrawa da ke rataye. Fitilun mai suna ci, ƙamshinsu ya fi na man gyaɗa kaifi. Can ciki, ta wata 'yar ƙofa, na hango fuska ta azurfa, furanni masu ruwan lemo sun rufe duk sauran jikin. A gefe akwai siffar kare. Ga kuma kare na gaske, baƙi, kwance a tsakar wurin, mutane na kauce masa, wata mata har ta ajiye masa abinci. Na tuna yadda yara ke bin kare da jifa in ya matso masallacin unguwarmu, kaina ya ƙara ɗaurewa.

Wani mutum yana bin mutane da damin gashin ɗawisu yana taɓa kawunansu. Da ya zo kaina na sunkuya na kauce. Na zata zai yi faɗa, sai ya yi dariya ya wuce.

Tsohuwar ta tsaya gaban 'yar ƙofar ba tare da kowa ya riƙe ta ba. Tana magana a hankali, hawaye na bin kumatunta, muryarta na hawa da sauka kamar yadda ta Kaka ke yi in ta idar da sallah tana lissafo sunayen jikokinta. Na kawar da kai. Abin da na kalla shi ne zoben azurfa da ke yatsan ƙafarta, ya sha tafiya har ya yi siriri.

Kafin mu fito aka ba ta baƙin zare guda biyu. Aka ɗaura mata ɗaya a wuyan hannu, ta dunƙule ɗayan. Da muka iso bencin, ta kamo hannun Kaka, wanda ta riƙe ranar tiyata, za ta ɗaura mata. Jikar ta ce, "Don mai tsaron garin ya tsare mata gwiwa."

Na fassara. Kaka ta janye hannun a hankali cikin mayafi. Sannan ta fito da su duka biyu a buɗe, yadda ake karɓar abu daga babba.

"Ce mata na gode. Ce mata Allah ka tsaron ƙahwata, ba ni ɗaurawa. Amma ina aje shi, ba shi ɓacewa."

Na faɗa duka. Jikar ta faɗa wa kakarta, su biyun suka kaɗa kai irin nasu. Ban san ko sun ji daɗi ko sun ji zafi ba. Tsohuwar ta sa zaren a tafin Kaka ta rufe mata yatsu. Kaka ta zura shi cikin 'yar jakar da take ajiye goro. Sai ga ɗan tsohuwar ya iso, ya karɓi mahaifiyarsa suka nufi kogi. Kaka ta miƙe ta tsaya har suka sha kwana.

Da muka dawo Shagari, ɗakin Kaka ya cika da mata 'yan sannu da zuwa. Aka shimfiɗa tabarma aka zazzage tsaraba: awarwaro, gyale, turare, lalle na kwali. Wata ta nemi goro, aka zazzage 'yar jakar ita ma. Kaka tana can ta ɗage zane tana nuna ɗinkin gwiwa, mata na ta salati. Ni kaɗai na ga matar kawuna ta ɗauki zaren ta ja shi tsakanin yatsu.

"Kai, wanga zare da ƙarhi! Gobe ina yi ma ɗiyata kitso da shi." Ta fara ƙulle shi a bakin zanenta.

Na kalli Kaka, hankalinta na kan ɗinkin. In na yi shiru, gobe zaren yana kan yarinya, an yanka shi gunduwa-gunduwa, Kaka kuma ta ce ba ya ɓacewa. In na faɗi inda ya fito, kafin la'asar duk Shagari ta ji cewa tsohuwar gidanmu ta je Indiya ta dawo da kayan tsafi, mace mai zuwa tafsiri tun kafin a haifi uwata. Ban taɓa magana a ɗaki mai cike haka ba.

"Na Kaka ne," na ce. Ba wanda ya ji. Na sake faɗa da ƙarfi, har muryata ta ba ni tsoro.

"La ila! Yau bebiya ta yi magana," in ji matar kawuna. "Indiya ta buɗe miki baki, 'yar boko? Zare na hwa, ba zinari ba."

Kaka ta juyo, ta ga abin da ke hannunta, ta miƙa tafi. "Ba ni nan. Amana ta."

"Amanar zare, Inna?"

"Amanar zare. Ɗauki gyale ki ƙara."

Aka yi dariya, zancen ya koma kan abincin asibiti.

Kwana kaɗan bayan haka Malam ya zo daga Bodinga ya gaishe ta, ya kuma tafi da ni don hutu ya ƙare. Kaka ta sa aka saki labule, ta ajiye zaren a gabansa, ta ce in ba shi labari. Na ba shi, ina kallon tabarma.

"Kin rusuna mashi?"

"A'a, Malam."

"Kin roƙi wani abu?"

"A'a."

"To mi kinka yi can ciki?"

"Na riƙe mata hannu."

Ya daɗe yana shafa gemu. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Ya juya ga Kaka. "Yaya, wanga ba a ɗaura shi. Ki yar, ko ki ƙone."

"Ba ni ɗaurawa. Ba ni kuma yarwa. Na ce ma matar ina aje shi."

"To in babu niyyar komi, zare na kawai. Ki ɗaure bakin buhun albasa da shi."

"Gare ka zare na. Gare ta ba zare ba na. Ƙahwa guda ta ja har ta amso man shi."

"Ikon Allah! To mi kike so in ce?"

"Ba komi. So nike ka san shina ɗakina, ka san yadda anka yi ya shigo. Kada in mutu a buɗe kayana a iske shi, a yi ta zance, kai kuma ka tsaya kana shahwa gemu."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke dai tun muna yara ba a cin ki gardama." Ya ce ya ji, ya kuma shaida, amma har yanzu shi da ƙonawa ya fi. Kaka ta ce ita ma ta ji. Ta naɗe zaren a tsumma, ta sa a ƙasan wani gwangwanin madara da take ajiye maɓallai, ta tura ƙarƙashin gado.

Da za mu tafi ta ɗauki sanda. Aka ce ta zauna, ta ce ba don zama aka yanka ta ba. Ta taka a hankali har gindin dogonyaro, karo na farko tun da gwiwar ta kwantar da ita. Malam ya matsa gaba yana tsaida mota. Na tsaya kusa da ita, na tambaye ta abin da ke cina tun daga can.

"Kaka, ranar nan, a ina ya kamata in tsaya?"

Ta kalli titi. "Ni ma da nis sani da na hwaɗa miki tun kan benci."

Mota ta tsaya. Na shiga na zauna wajen taga. Tana nan tsaye, ta dogara da sanda, har muka yi nisa na daina bambanta ta da gindin itacen.