Yadda Na Yi Furfura Ina Olmos Suruki

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgi a bakin ruwan Wara ranar kasuwa ya san mazaunin Baba: kan wani tsohon kwalekwale da aka kife a gindin giginya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba duniya maki. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, uban matata ne, ko yana kabari ina jin kunyarsa. Ku dai kun san shi da Baba Olmos, to a haka za mu tafi.

Turancinsa kaf kalma uku ne, ya samo su tun yana saurayi, lokacin da yake tuƙa wani Bature mai awon ƙasa a jirginsa, kafin a tare kogi ya zama tafki. Akwai "beri", wato abu ya kai maƙura. Akwai "olmos", wato saura ƙiris. Sai "neba", wato ko kusa. Sauran Turancin ya bar wa masu shi. Kuma shi ba ya wahalar da kansa da cewa abu ya yi kyau ko ya yi muni, sunan abin yake kamawa ya liƙa masa kalmar a goshi. A miƙo masa tarwaɗa, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Olmos kihi." Mai shayi ya tsuga ruwa da yawa, ya kurɓa ya ce, "Neba shayi." Hatta hadari in ya haɗu ya watse ba ruwa, sai Baba ya ɗaga kai ya ba shi nasa makin. Tuwon Inna kuwa, surukata, tunda na san gidan olmos tuwo ne, ga shi kuma yana suɗe kwanon har sai ya yi ƙyalli.

Malam Isiya, mai koyar da Turanci a sakandare, ya daɗe abin yana ci masa rai. Wata ranar kasuwa ya kasa daurewa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, waɗannan kalmomin ba a jingina su da sunan abu. Aiki suke bi, ko siffa. Ba a cewa beri kifi."

"Wa yah hana?"

"Ƙa'idar Turanci ce."

"Ita ƙa'idar ta taɓa tuƙa Bature da rana tsaka? Ni da gumina nis samo su. Jirgin da anka sassaƙa don kihi, in an ɗora mai buhun gero nutsewa shikai?"

Malam ya ce a'a, ba ya nutsewa.

"To, tashi. Olmos malami."

Sunan ya bi bawan Allah har cikin aji. Bayan wasu shekaru 'yar Malam ɗin ta dawo hutu daga jami'a, ta nuna masa a waya cewa samarin Turawa su ma haka suke yi yanzu in suna hira, su ɗauko irin kalmar su manna wa sunan mutum ko sunan gari. Malam Isiya mutum ne mai gaskiya, da ƙafarsa ya zo ya faɗa. Mun zaci Baba zai yi murna. Sai ya ɗaure fuska, ya ce, "Watau sun biyo ni sun kwashe, ko goro babu. Neba Turawa."

Ni nawa makin tun ranar gaisuwar surukai na same shi. Ni Bello mutumin Shanga ne, manomin shinkafa, kuma duk ruwan da ya wuce gwiwa ba ma ga maciji da shi. Na cire takalmi tun daga bakin zaure, na tsuguna, na sunkuyar da kai. Baba ya dube ni kamar yadda yake duba tarwaɗa, shinshinawa ce kawai bai yi ba. Ya ce, "Olmos suruki." Abokaina suka ce in gode wa Allah, wanda ya zo neman matata Hajara kafin ni neba ya samu.

Da fari dariya na yi. Amma shekaru suka yi ta tafiya, muka haifi 'ya'ya, gemuna ya fara fari, makina bai motsa ba. Na kai shinkafa sabon girbi, olmos. Na sake masa rufin ɗaki, olmos. Yara a bakin ruwa in sun hango ni sai su ce ga Olmos ƙarami nan. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya tsaya mini a rai. Ubana ya rasu ina ƙarami, kuma babu bakin da nake son jin yabo daga gare shi kamar na tsohon nan.

Sai Hajara ta ba ni shawarar da har gobe ban gama yafe mata ba. Ta ce, "Baba masunci na. In kana son ka shiga ranshi, shiga ruwa."

Na shiga. Na ari rigar ruwa na saka, na ɗora wata a kanta, na ɗaura jarka a ƙugu don ko ta kwana. Baba yana zaune a bayan jirgi yana tuƙi. Da muka ɗan matsa daga gaɓa ya miƙo mini birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a sama, ya ce in jefa. Na tattare ta yadda na ga ana yi, na karanta duk addu'ar da na sani, na juya da ƙarfina na manomi. Ashe igiyar ta sarƙe da hannun jarkar. Birgi ya tafi, jarka ta bi shi, ni na bi jarka.

Ihun da na yi, an ce har masu awon gero a kasuwa sun ji. Na yi kalmar shahada, na ba da wasiyyar gonata, duk ina cikin raga ina wutsil-wutsil. Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "Bello, miƙe tsaye." Na miƙe. Ruwan iyakarsa cibiya. Haka ya jawo ni gaɓa a cikin birgin, jama'a sun cika maƙil, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Neba masunci." Ya ƙara duba ni a cikin ragar. "Amma olmos kihi."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba rowar berin yake yi wa kowa ba. Alhaji Tanko ya sayo sabon injin jirgi, kullum sai ya bi ta kan ragar Baba da gudu yana tsinka ta. Baba ya tashi takanas ya je ya shafa injin, ya ce, "Beri inji." Wani ɗan takara ya zo da lasifika ya hana shi barcin rana, shi ma ya samu beri a gaban jama'a, har ya sa maroƙa suka saka a waƙa. Kai, har bunsurun Audu maƙwabci, wanda ya tauna wa Baba hula a kan igiyar shanya, an ce masa beri bunsuru ina tsaye. Ranar na koma gida ban ci tuwo ba. Magidanci da iyali, ina kishi da bunsuru.

Bara da damina ciwo ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi na je gaishe shi, Inna tana gefe tana fifita masa kunu. Na ga yadda ya rame, na san in ban tambaya yau ba, ba lalle in sake samun dama ba. Na ajiye kunya, na ce, "Baba, a gahwarce ni. Shekara da shekaru ina olmos. Bunsurun Audu ya samu beri. Mi niy yi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Bello, gajiya kay yi da duniya? Ina bunsurun yanzu?"

"Ya ci leda, ya mutu."

"Injin Alhaji hwa?"

"Shina ƙasan ruwa."

"Mai lasihika?"

"Ko akwatin ƙohwar gidansu bai ci ba."

"To." Ya juya fuska wajen taga, inda ake hango tafki. "Garinmu na dauri, inda anka binne cibiyata, Baturen nan ya tambaye ni yaya nig gane shi. Nic ce mai beri gari. Da bakin ga nawa. Ruwa ya zaka ya shanye shi, har da kushewar Innata. Tun ran nan na san bakina ba shi da kyau. Abin da nika so, ba ni cika mai awo." Ya kamo hannuna, abin da bai taɓa yi ba. "Ɗiyata na hannunka, jikokina na hannunka. Zamna ga olmos ɗinka."

Hawaye suka yi ta bin gemuna. Inna ta miƙa masa kunun, ya kurɓa, ya ce, "Olmos kunu." Ta yi murmushi ta dube ni, ta ce, "Duk gidan ga kai kaɗai na ba ka gane ba."

Bai kai kaka ba. Ranar da muka kai shi makwancinsa, bayan jama'a sun fara watsewa, na tsuguna a gefen kai kamar ranar da na fara zuwa zaurensa. Na ga yanzu babu abin da baki zai iya rage masa, sai na ce a hankali, "Beri Baba."

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Innarsa a garin da ruwa ba ya ci. Ranar da za a ɗora ayyukansa a kan mizani, in awon ya zo olmos, ya Allah ka cika masa da rahamarka.