Godiyar da Suka Sa a Rediyo

Jiya a cikin keke napep na ji muryar wani ɗan jarida da na sani a rediyo yana zuba a kan 'yancin talaka. Na tuna dattijon unguwarmu, na ce a sauke ni.

Dattijon ya sha ɗauri saboda siyasar talakawa, bai taɓa sauya sheƙa ba. Rediyonsa ɗaure da roba, kullum manne da kunnensa. Yakan ce, "Wannan shi ne bakin marar baki."

Da aka rushe rumfunanmu a unguwar Gidan Igwai, ɗan jaridar ya zo ɗaukar muryar dattijo, ya zauna a tabarmarsa, ya sha furarsa. Dattijo ya fara da gode wa hukuma, yadda babba ke yi kafin ya kai kuka. Sannan ya faɗi gaskiya a kan rusau ɗin.

Da yamma muka kewaye rediyon. Godiyar kaɗai suka sa.

Wani ya ce, "Baba, nawa anka ba ka?"

Dattijo ya zare batiran rediyon ya miƙo mini. "Sa ga tocilanka, ɗana."

Har ya rasu, wasu ba sa gaishe shi.

Allah ya jiƙansa. Sauran maganar da suka yanke, Allah ya ji ta, ya bi masa haƙƙinsa.