Bunsurun Alisabatu

Alisabatu mutuniyar Beji ce, aure ya kawo ta Minna. Mijinta Shekwolo lebura ne a tashar jirgin ƙasa, ciwon ƙirji ya kashe shi da ƙuruciyarsa, ya bar ta da ɗa guda, Yona. Da cinikin doya ta rene shi. A kafaɗa take ɗauko kayanta kamar sauran matan Gwari, ta kasa a bakin kasuwa, ba ta raha da kowa kuma ba ta cutar kowa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Yona ya shiga soja ba da son ranta ba. Bayan tafiyarsa ta sayi ɗan bunsuru baƙi, ta tsaga masa kunnen hagu, ta ce ba mai yanka shi sai ranar da ɗanta ya dawo. Ɓawon doya da dusa ta riƙa ba shi har ya zama abin kallo.

A farkon 1970 yaƙi ya ƙare. Mutanen unguwarsu, Barkin Sale, Kirista da Musulmi, suka sa ranar bikin tarbar samarinsu. Ana cikin shiri, ran Lahadi tana coci, aka kwance bunsurun da rana tsaka. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa ya san Mamudu, mai bin gidaje yana kwashe awakin mutane, kowa kuma ya san a kwano ɗaya yake cin tuwo da Kofur Sanda, ɗan sandan da ke kula da unguwar.

Ta tafi caji ofis, ta tarar da Kofur ya miƙe ƙafa a kan benci.

"Kofur, an sace mini bunsuru. Mamudu ne."

"Kin gan shi da idonki?"

"Ina coci."

"To Iya, koma cocin ki tambaya," ya ce, yana kwaikwayon Hausarta, abokan aikinsa suna dariya.

Ranar biki aka cika fili, ana kiɗa, mata na girki. An ba Kofur kujera a gaba. Can sai ga Mamudu cikin sabuwar riga, yana jan baƙin bunsuru, wai gudummawarsa ce ga sojoji. Har tafi aka yi masa. Alisabatu ta ajiye muciya, ta ratsa taron, ta fizge igiyar daga hannunsa, ta ɗaga kunnen dabbar.

"Ku duba. Da hannuna na tsaga shi. Garba mahauci, ba ka taya shi bara na hana ka ba?"

Garba ya sunkuyar da kai. Dattawan da suka san gaskiya suka kau da fuska. Kofur ya taso.

"Iya, kina tayar da hankalin jama'a."

"Ɓarawo yana gabanka, ni kake kallo? Kai da shi duk ɗaya ne."

A gaban kowa ya tasa ta zuwa caji ofis. Kiɗa bai tsaya ba. Aka yanka bunsurun, aka dafa, aka ci, da waɗanda suka sunkuyar da kai da waɗanda suka kau da fuska.

Jirgin su Yona ya makara, sai washegari ya iso, ya tarar an kulle uwarsa. Kafin ya kai caji ofis matan kasuwa sun riga shi. Azumi mai ƙosai ce ta tara su, suka sauke doya da kwanduna a bakin ƙofa, suka zauna a ƙasa, suka ce ba ciniki a Minna sai an fito da ita. Kafin azahar aka sake ta. Ba wanda ya ba ta haƙuri.

Ta rungume ɗanta, ba ta yi kuka ba. Aka kawo masa ragowar naman biki, ta karɓi kwanon ta kife shi a ƙasa.

Daga baya an yi wa Kofur Sanda canjin wurin aiki, aka ce har ƙarin girma ya samu. Mamudu ya ci gaba da sana'arsa, sai da ya tsufa ya daina. Alisabatu ta koma bakin kasuwa da doyarta. Ba ta sake taka filin bikin unguwa ba, kuma har ta rasu, in Garba mahauci ya gaishe ta, ba ta amsawa.