Wayar Da Kawu Bai Gwada Ba

A gida Kawu ake ce masa, a wurin aiki kuwa Sai-An-Sake, domin ba ya yarda da awo ɗaya. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da ma'auni a wani ɗakin bincike marar taga, inda masana ke harba siririn haske mai ƙarfi da ake kira lesa kan ɗan faifan ƙarfe su ga irin turin da zai yi masa. Burinsu wata rana haske ya tura kumbo a sararin samaniya. Turin bai kai nauyin ƙuda ba, shi ya sa ake rataye faifan a siririyar waya, a auna yadda za ta murɗa. Aikin Kawu shi ne gwada wayar da ƙananan duwatsun awo kafin a fara harbi, sannan ya sa hannu. Matarsa takan tsokane shi cewa ko gishirin girki sai ya nemi a sake aunawa.

Wata safiya wayar ta tsinke. Yana cikin ɗaura sabuwa aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ta faɗi a banɗaki. Ya ƙulle wayar, ya sa hannu, ya fita a guje bai gwada ba.

Bayan mako uku ɗakin ya kaure da murna. Sakamakon Dakta, matashiyar da ta shekara uku a kan binciken, ya ninka na kowa, har an gayyace ta ta gabatar da shi a babban taro. Kawu na gyara teburinsa ya ci karo da naɗin da ya yanko sabuwar wayar daga jikinsa ranar. Ya duba lambarsa. Wayar ta fi tsohuwar siranta. Ashe ba hasken ne ya ƙara ƙarfi ba, wayar ce ta fi saurin murɗawa.

Babu wanda ya sani sai shi, ga shi saura wata biyar ya yi ritaya da sunansa mai kyau. Kwana biyu yana juya maganar a ransa. A na uku ya ajiye naɗin a gaban Dakta.

"Dakta, lambobin nan ba na haskenki ba ne, na wayata ne. Na sa hannu kan abin da ban gwada ba."

Ta ɗauki naɗin ta duba lambar. "Da ka yi shiru, Baba, wa zai sani?"

"Duk wanda ya maimaita gwajin a wani wuri. Kuma sunanki zai kira, ba nawa ba."

Ta janye takardar da za ta gabatar a taron. Shugaban sashe ya karɓe wa Kawu ikon sa hannu, aka rubuta laifin a fayil ɗinsa. Sai dai Dakta ta ƙi yin harbi ko ɗaya in ba ya tsaye kusa da ma'aunin. Sabon sakamakon ya fito ƙarami, amma duk inda aka maimaita shi haka yake fitowa.

Bayan rasuwarsa, matarsa ta buɗe gidan tabaransa ta tarar da guntuwar waya naɗe a takarda. Ya rubuta kwanan watan ranar da ya ɗaura ta a jikin takardar, da kalma huɗu: ba a gwada ba.